Kujerar Baya a Motar Mijina

Shekarar da man fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, a ita aka kai ni ɗakin miji a Yako. Mijina direba ne, yana jan ƙaramar bas tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa. Kafin aure nakan kwanta da littafin soyayya a ƙirji, ina ƙiyasta yadda zai riƙa dawowa kullum da la'asar, in ji hon daga nesa, in tashi in gyara ɗankwali.

Mutum ne mai tattalin mai. Da safe zai zagaye motar yana danna tayoyi, wai taya mai laushi shan mai take yi. Ya sauke duk wani ƙarfe marar amfani daga but ɗin motar. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ƙa'idar da shi da abokan aikinsa suka ɗauka ce: ba a tafiya da mota wayam. Inda lodin ƙarshe ya ajiye ka, nan za ka kwana. In ya samu fasinjojin Kiru da yamma, sai ya biyo ta Yako in gan shi. In bai samu ba, in rufe tuwonsa, da safe in ɗumama in ci ni kaɗai. Har na koma yi wa mutanen da ban sani ba addu'a, Allah ya kawo musu dalilin zuwa Kiru.

Ana cikin haka na gane ina da ciki.

Ban faɗa wa kowa ba. So nake ya fara ji daga bakina, muna mu biyu, in ga fuskarsa. Na shirya kalmomin, na sake shirya su ina wanke-wanke. A waya ba zai yiwu ba, kullum hayaniyar tasha ce a bayansa. Ga shi lokacin kaka ne, masu masara sun riƙe motocin can wajen Doguwa, kwanaki suna ta wucewa bai leƙo ba.

Sai na nemi izininsa in je gaida gwaggona a Tudun Wada. Ya ce in hau acaɓa in same shi a Kwanar, ya tafi da ni. A zuciyata na ce ko a gaban mota ne zan samu in raɗa masa.

Da na isa, an riga an ba wasu dattawa biyu gaba. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida matar mutane, saboda idon jama'a, ya nuna mini kujerar baya. Na zauna kusa da wata tsohuwa mai ƙullin daddawa a cinya. Abin da nake iya gani nasa ƙeyarsa ce, da idanunsa a madubi.

Ranar na fara ganin yadda yake tuƙi. A hawa lallaɓawa yake, ba ya taka totur da ƙarfi.

"Direba, mota ce wannan ko jaki?" in ji wani daga tsakiya.

"Alhaji, in kana sauri ka zuba mata mai daga aljihunka," in ji mijina. Aka yi dariya.

A gangare kuwa sai ya cire giya, ya saki motar ta tafi da nauyinta. Birki ma ba ya son taɓawa, kada ya zubar da gudun da ya samu kyauta. Muka riƙa faɗawa ramuka, mu da ke baya muna tsalle. Ga warin daddawa. Zuciyata ta tashi, na toshe hanci da gefen hijabi, ɗaya hannun na dafe mara ban sani ba.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi hannun, ta kama tafina ta juya shi tana kallo. Sannan ta ɗaga murya.

"Kai direba! Ka ji tsoron Allah, ka taka birkin nan. Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce."

"Wace yarinya, Iya?"

"Wannan ta kusa da ni mana. Na fari ne ma, da gani. Ko mijinta wane irin mutum ne, ya bar ta tana hawa motar haya ita kaɗai!"

Motar ta ɗauki "Allah ya raba lafiya". Na sunkuyar da kai, ina jin kamar in nutse. Da na ɗago, idanunsa na cikin madubi, sun tsaya a kaina har sai da dattijon gaba ya ce ya dubi hanya. Ya mayar da giya, kuma daga nan duk ramin da muka zo sai ya kusan tsayawa.

A Tudun Wada ni kaɗai ce mai sauka, sauran duk na Doguwa ne. Ya fito da kansa ya buɗe mini ƙofa, ya ɗauko jakata, muka ɗan matsa gefen mai lemo.

"Da gaske ne?" ya tambaya a hankali.

Na gyaɗa kai. Kalmomin da na shirya duk suna nan, amma tsohuwar ta leƙo ta taga tana kallonmu.

"Alhamdulillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Alhamdulillahi." Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai mai saurin nan ya buga jikin mota.

"Direba, zance ka tsaya yi da fasinja?"

Ya miƙo mini jakar. "Ki gaida Gwaggo. Kar ki ɗauki abu mai nauyi."

Na tsaya a bakin titi har motar ta shige kwana. Ya sani, kuma ya yi murna, na gani a fuskarsa. Amma ba ni na faɗa masa ba. Na saɓa jakata na bi layin gidan Gwaggo a ƙasa, a hankali, ina faɗar kalmomin nan ƙasa-ƙasa, tun daga farko har ƙarshe.