Bawa Wanzami da Ƙahon da Ya Ƙi Kafawa

Da hantsi za ka tarar da Bawa a gindin bishiyar bedi a Gurbin Bore, ya baje zabira, yana aski yana faɗa da masu motsa kai. Gashin da ya yi wa askin suna yau duk ya fara furfura. Amma ka tambayi mutanen gari, sai su ce ai tsohon ya fara ƙyuya. Abin nan yana ci mini rai.

Ga asalin maganar. Rilwanu manomin gero ne, kuma da izininsa nake faɗin wannan. Ya daɗe yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ko 'yan gidansu ba su sani ba. Bawa kaɗai ya gaya wa, don kada aska ta kai wa wani cutar. Ana tsakiyar girbi ciwon kai ya sare shi farat ɗaya, wuya ya sanƙare, ga amai, fatar ido ɗaya ta sauko. Mu kuwa an san mu, kowane ciwon kai mataccen jini ne, maganinsa ƙaho a ƙeya. Yayansa Na'ibi ya kinkimo shi sai gindin bedi.

Bawa ya dube shi, ya mayar da ƙaho cikin zabira. A wata bita da aka yi wa wanzamai a Ƙaura ya ji cewa irin cutar da Rilwanu ke ɗauke da ita kan raunana jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ta kumbura har ta fashe. Na'ibi ya nemi dalili, ya yi magiya, ya koma zagi a gaban jama'a. Kalma ɗaya za ta wanke Bawa, amma ita ce za ta tona asirin Rilwanu.

"Na'ibi, zage ni ka ƙoshi," in ji shi. "Wanga ciwo ba na ƙaho ba na. Ku tai ku samo mota."

Ya bar wani da rabin aski, ya bi su Gusau a wannan hanya mai haɗari da kowa ya san halinta. Likita kaɗai ya raɗa wa sirrin. Aka wuce da Rilwanu Sakkwato, hoto ya nuna jijiyar ta fara yoyo, aka yi aiki. Ya dawo da rai, hannun hagu ne bai gama komawa daidai ba.

To, don Allah, me Bawa ya samu? Na'ibi ya canza wanzami, har gobe yana cewa addu'a ce kawai ta yi aiki, kamar wani ya ce ba ita ba ce.

Baba Bawa, kai ne ka haɗiye zagi don wani ya rayu da mutuncinsa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Sauran wanzamai, ku yi koyi da shi. Ku kuma 'yan uwa, duk ranar da wanzami ya ce ba zai tsaga ba, ku bar musu, ku nemi mota.