Telan da Yake Yanka Matansa

A tashar motar Mai'adua da ke Daura, Amatullah tana zaune tana jiran mota ta cika, sai idonta ya faɗa kan wani dattijo. Ga gemu fari fat, ga tabon salla, ga tef ɗin awo rataye a wuya: tela ne, ba sai an faɗa ba. A cinyarsa akwai kwali da fentin ruwa irin na 'yan firamare. Yana tsoma buroshi a gwangwanin madara, yana ta zana mata.

Matan kuwa dogaye ne siri-siri kamar ba su taɓa cin tuwo ba, ga ɗaurin ɗankwali na isa. Da gani koyo yake yi, don duk sun ɓoye hannuwansu a baya, bai iya yatsu ba tukuna. Wataƙila masu kawo masa ɗinki sun koma wajen masu sabon yayi, shi ya sa yake koyon zane da furfurarsa.

Yana gama ɗaya sai ya ja mata jan layi a wuya.

"Baba, me ta yi maka?" in ji Amatullah.

"Yanka ta na yi, Hajiya." Ko ɗagowa bai yi ba. "Yanzu zamanin Shari'a ne. Ranar alƙiyama ba mai ce min in hura mata rai."

Amatullah ta leƙa sosai. Atamfarta ce a jikin matar, har da koɗaɗɗen mayafinta. Ta shafa wuyanta, ta matsa can ƙarshen benci.