Sa Hannun Ranar Laraba

Shekarar da aka ba mu namu reshen ƙungiyar lauyoyi, mu na kudancin jiha, dukanmu ba mu cika motar haya uku ba, amma kowa ya hango kansa a kujerar shugaba. Lauya dai ba ya ganin kujera babu kowa ya wuce ta. Muna taro a wani ɗaki kusa da kotu a Tambuwal, mai fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama take juyawa. A nan muka yi wata biyu muna gardama kan dokokin zaɓe kamar ƙasa za mu kafa. Ni na fi kowa baki, kuma ni na kawo sharaɗin da ya zo ya tsaya mini a wuya: duk mai neman shugabanci sai ya samo sa hannun lauyan da ya shekara ashirin yana aiki, kuma dattijo ɗaya ba zai sa wa mutum biyu hannu ba.

Dattawan namu uku ne kacal. Ɗaya an ba shi shugabancin kwamitin zaɓe, don haka hannunsa a ɗaure yake. Na biyu ya tafi jinya ƙasar waje. Saura Malam, wanda ya koya mini aiki, daga baya ya rufe ofishinsa ya koma garinsu Kebbe.

Mu biyu muka fito neman kujerar, ni da abokina ɗan Jabo. Tare muka yi zaman koyon aiki a ofishin Malam, tebur ɗaya, kwanon abinci ɗaya, har maganarmu ta zo ta yi kama, mutane kan rikita mu a waya. Shi mai sanyin hali ne, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi tunani tukuna. Malam ya fi son sa, kowa ya sani, ni ma na sani, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai ban taɓa faɗa ba. Tun kafin a yi reshen Malam ya taɓa cewa a gaban jama'a, in an yi, ɗan Jabo ne shugabanmu. Da dariya ya faɗa, amma Malam ba ya wasa da abin da ba ya nufi.

Ranar Alhamis da la'asar za a rufe karɓar fom. Na ji a bakin wani akawun kotu cewa abokina zai je Kebbe da safiyar Alhamis ɗin, domin yana da shari'a ranar Laraba. Ni ba ni da komai ranar Laraba. Na gaya wa kaina gaisuwa zan je, na daɗe ban gano Malam ba. Fom ɗin kuwa yana cikin jakata, na riga na buga sunana a kai.

Tsakiyar damina ce. Na bar motata a gida na hau kabu-kabu, don hanyar Kebbe ba ta san girman lauya ba. Gero da dawa sun yi tsawo sun rufe gefen hanya, yayyafi bai ɗauke ba tun daga Tambuwal, sau biyu ina sauka ina tafiya a ƙasa cikin taɓo. Da hantsi na isa, wandona sharkaf.

Gidansu Malam gidan karatu ne tun kakanni, shi kaɗai ya fita ya yi boko har ya zama lauya. A zauren farko na tarar da ƙanensa, limamin unguwar, yana ba wasu magidanta karatu. Ya gane ni, ya kira sunana, muka gaisa. Sai ya rage murya ya ce, "Barista, idanun sun tafi gaba ɗai. Kuma da hantsi haka yakan zauna kotu. Kada ka ji tsoro, bi shi wada shika so."

Ban fahimci maganar ba sai da na shiga soro na biyu. Malam na zaune a kujera, ya ɗora baƙar rigar lauya a kan farar rigarsa, hular gashin nan a kansa, ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa. A gabansa akwai benci biyu, an share su tsaf, babu kowa a kai. Hasken da ke shigowa ta ƙofa kaɗan ne, ɗakin na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsofaffin takardu. Malam kuwa yana kiran suna.

A aikinmu, wanda ya riga ka zama lauya shi ke fara magana a kotu. Ko da asuba ka zo, in babba ya shigo, sai ka koma bencin baya ka jira. A kan wannan tsarin Malam ke kiran sunayen, babba kafin ƙarami. Mutum huɗu ya kira, duk na san su, duk sun rasu, biyu ma da ni aka kai su makwanci. Bayan kowane suna sai ya karkata kai ya saurara, daidai lokacin da mutum zai miƙe ya gyara riga ya ce ga shi, sannan ya gyaɗa kai. Da ya zo kan na uku sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Har yau ba ka bar makara ba." Marigayin nan kuwa da makara aka san shi.

Na lallaɓa zan zauna a ƙarshen bencin gaba. Tun ban kai ba ya ce, "Ba nan ba, ɗana. Wurin manya na. Koma baya." Na sha gaya wa kaina cewa ƙarar takalmina ya ji. Na koma bencin baya na zauna, na yi sallama.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "A'a, ɗan Jabo! Na san kai na. Tun jiya nika jin za ka zo."

Na buɗe baki. Kalma uku ta ishe ni in gyara, kuma ni da magana nake cin abinci. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi ƙara maka lafiya, Malam." Ban ce ni ne ba, ban ce ba ni ba ne. A lokacin har ina jin wannan wata dabara ce.

Ya tambayi mutanen Jabo da yadda shuka ta yi, na amsa da lafiya lau. Sannan ya ce, "Ina abokinka na Tambuwal? Yaron kirki na, kai gare shi, ya ma fi ka baki. Amma gaggawa. Wanga yaro in ya iske ƙofa rufe ba shi ƙwanƙwasawa, taga shika nema."

Ina zaune ruwa na ɗiga daga wandona, ina sauraron hukuncina. Haushi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Shekaru ina ɗaukar masa jaka, ina rubuta masa abin da yake karantawa a gaban alƙali, ashe ga matsayina. Haushin nan ne ya zuge mini jakar, na fito da fom na ce na kawo takardar takara.

Ya ce, "Karanta min. Ka san ban sa hannu ga abin da ba a karanta min ba."

Wannan shi ne darasin farko da ya koya mana. In makaho ko wanda bai iya karatu ba zai sa hannu, sai ka karanta masa komai, ka fassara masa, har ya ce ya gane. Ya taɓa korar wani daga ofis saboda tsallake layi ɗaya. Na karanta da Turanci, na mayar da Hausa, a hankali, yadda ya koya mini. Da na zo inda sunana yake sai na ce "ɗalibinka," na wuce. Ya miƙo hannu, na sa masa biro, na kama yatsunsa na ɗora a kan layin. Sa hannun nasa bai canja ba, har da doguwar jelar nan da yake ja a ƙarshe.

Ina shirin naɗe takardar sai ya juya wajen bencin gaba ya ce, "Kun shaida?"

Ya saurara. Wannan karon shirun ya yi tsawo. Ina jin saukar ruwa daga indararo, ina jin muryar liman can a zaure. Malam ya ɗan sunkuya wajen mazauni na uku, ya haɗa gira, irin yadda mutum ke yi in ana raɗa masa abin da bai zata ba. Ya ce, "To." Sannan ya juyo da fararen idanun nan ya tsayar da su daidai fuskata. Na ce a raina asiri ya tonu, har na ji wani irin sauƙi.

Ya ce, "Su fuɗu sun shaida. Sun ce sun gane ka sarai. Tashi ka tafi tun rafi bai cika ba."

Ban tsaya cin abinci ba, duk da an ce an ɗora. Liman ya rako ni bakin ƙofa, ya dubi jakata, ya dube ni, ya ce in gaida gida. Da yamma na miƙa fom ɗina ga kwamiti.

Washegari bayan la'asar abokina ya kira ni. Ya ce, "Barista, na je Kebbe. Malam ya ce jiya niz zo, har ya sa min hannu." Sannan ya ce, "Ni kau jiya ina kotu." Na ce hanya ta yi kyau kuwa? Ya ce, "Ta yi. Allah shi sa alheri, shugaba." Ya kashe waya.

Da ya so, da takarda ɗaya zai rushe ni. Amma kafin ya yi haka sai ya tsaya a gaban kwamiti ya bayyana cewa Malam ba ya gani, ba ya bambance mutane, yana zaman kotu da matattu. Ba zai taɓa tona wa Malam asiri ba. Na san haka tun ina bayan babur a hanyar dawowa daga Kebbe, kuma a kansa na dogara. Cikin duk abin da na yi, wannan ne ya fi ba ni kunya.

Ranar zaɓe aka yi ta kokawa a kan kujerar sakatare da ta ma'aji, masu takara na raba biro da kalanda, wani har da alkawarin sabuwar fanka. Tawa kujerar babu abokin hamayya. Aka kira sunana, aka tafa, abokina ya zo ya ba ni hannu a gaban kowa. Na samu abin da nake so, na kuwa yi aikin daidai gwargwado, fankar ma ni na saya. Kebbe ce dai ban sake takawa ba. Kullum sai in ce sai hanya ta bushe, da ta bushe na ce sai an rage shari'u.

Bayan kaka Malam ya rasu. An yi jana'iza kafin labari ya iso mu. Al'adarmu ce in lauya ya rasu a yi masa zama na musamman a kotu, kowa ya sa baƙar riga da hula, a ɗora rigar mamacin da hularsa a kan kujera, a yi jawabi babba kafin ƙarami. Shugaban reshe ke shirya zaman, shi kuma ke magana da yawun kowa. Liman ya zo da kayan daga Kebbe, aka ɗora su a farkon layin gaba.

Kotun ta cika, har wasu na tsaye a bakin taga. Da na miƙe zan yi jawabi sai na lura kujerun da ke gefen ta Malam babu kowa a kai. Ba wanda ya hana a zauna, ni na shirya wurin, na sani. Na ƙirga su, huɗu ne. Na mayar da ido kan takardar hannuna. Na karanta yadda Malam ya koya mana gaskiya, da yadda bai taɓa yarda a tsallake layi ba, mutane na share hawaye, ni kuwa ban iya ɗaga ido na dubi layin gaba ba har na gama.

Da aka tashi liman ya naɗe rigar da hular ya sa a tsohuwar jakarsu, ya same ni a baranda. Ya ce, "Barista, akwai wasiyya. Yac ce a ba ɗan Jabo, wanda yaz zo ran Laraba cikin ruwa. To, ni ban ga ɗan Jabo ran Laraba ba, kai nig gani. Kai ka san mai ita." Ya ɗora mini jakar a hannu ya tafi.

Abokina na tsaye a gindin dalbejiya yana cire hularsa. Na je na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Taka ce. Ka yafe mini." Karon farko ke nan da na faɗa.

Ya daɗe yana kallon jakar. Ya ce, "Yafiya na yafe tun ranar, Allah shi yafe muna. Amma Malam cewa yay yi wanda yaz zo ran Laraba. Ni ran Laraba ina kotu." Ya dafa kafaɗata ya wuce wajen motarsa.

Wa'adina ya ƙare tuntuni, an yi shugabanni biyu bayana, shi kuwa bai sake neman komai ba. Jakar na nan a ofishina a Tambuwal, a kan bencin da ke jikin bango, ban taɓa buɗe ta ba. Bencin dogo ne, zai ɗauki mutum huɗu bayan ita. Ranar kasuwa ofishin kan cika da masu ƙara, wasu a tsaye, wasu a tsugune a ƙasa, kuma har yau ban ga wanda ya zauna a kansa ba. Ni dai ban taɓa hana kowa ba.