Malam Ilyasu Na Zauren Tambaya Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ilyasu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin titi ina jiran keke zan tafi asibiti. Matarsa ce ta kira, Anti Rabi. Da na ga sunanta a waya na ɗauka maganinsa na hawan jini ne ya ƙare, don ni nake karɓo masa. Sai na ji ta ce, "Maryam, Malaminku ya tafi."

Na ce ina ya tafi? Wallahi haka na tambaye ta. Mutumin da ko bakin ƙofa sai an riƙe shi.

Ban je aiki ba. Har yanzu da nake rubutun nan yunifom ɗina ne a jikina.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Fadaman Mada, nan Bauchi. Falsafa ya karanta a jami'a. Duk Asabar bayan la'asar yakan buɗe zama a wani ajin firamare na unguwar, kowa ya zo, ba a hana kowa. Zauren Tambaya muke kiran wurin. Zai yi 'yar lakca da Hausa tsantsa, sannan ya ajiye alli, ya kaɗe hannu ya ce, "To, na gina nawa. Ku zo ku rusa."

Mene ne adalci? Mutum yana da zaɓi, ko tura shi ake yi? In ƙarya za ta ceci rai, a yi ta ko a bari? Irin waɗannan muke tattaunawa har a kira magariba.

'Yan kasuwar Muda Lawal suna zuwa, ɗalibai suna zuwa, ma'aikatan ofis ma haka. Mu mata muna layin taga. Musulmi da Kirista benci ɗaya.

Dokarsa guda ce: kafin ka ba mutum amsa, sai ka maimaita abin da ya faɗa, har shi da bakinsa ya ce e, haka nake nufi.

Ni na fara zuwa ne shekarar da ɗana Khalil ya rasu. Ciwon sikila ne ya ɗauke shi. Ina jinyar 'ya'yan mutane suna tashi, nawa ya cika a hannuna. Kowa ya ce in yi haƙuri, kuma na yi, amma akwai abin da ya tokare min ƙirji da nake tsoron faɗa wa kowa. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni wurin. Na daɗe ina zuwa ban taɓa buɗe baki ba.

Ranar da Malam ya kawo maganar wahala, me ya sa wanda bai yi laifi ba yake shan ta, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, "Malam, yaron da bai san komai ba fa? Me ya yi?"

Wani Alhaji mai sayar da yadi ya juyo ya ce, "Subhanallah! Baiwar Allah, ki yi istigfari."

Malam ya ce, "Alhaji, ka san doka. Maimaita abin da ta ce tukuna."

Alhajin ya ce, "Cewa ta yi ba a yi mata adalci ba."

Malam ya dube ni. "Haka kika ce, Sista?"

Na ce a'a.

Alhajin ya sake gwadawa, na sake cewa a'a. Sai ya dube ni sosai, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ina jin ɗa ta rasa. Tana kewarsa, kuma ta kasa ganewa."

Na ce e. Sai kuka.

Babu wanda ya ce in yi shiru. Da na lafa Malam ya ce, "Ba ni da amsarki, Sista. Na karanta abin da malaman dā suka faɗa, na Girka da na Larabawa, kowa ya kawo nasa, babu wanda ya isa ya share hawayen uwa. Amma tambaya ba saɓo ba ce. Ki dawo Asabar."

Ranar na ci abinci na ƙoshi, abin da na manta rabona da shi.

Haka yake da kowa. Akwai Saje Bitrus, tsohon soja da ke zaune kusa da barikin Shadawanka, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Benci yana ba shi wahala, sai Malam ya riƙa ɗauro kujerar falonsa a bayan mashin duk Asabar saboda shi. Kuma kullum cikin musu suke. Saje ya ce, "Malam, wannan duk zancen waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba ne." Malam ya yi dariya har ya cire tabarau ya ce, "To faɗa mana abin da bindiga ta koya maka, mu ji."

In aka tashi, ba ya tafiya sai ya ga mace ta ƙarshe ta shiga keke.

Sai maganar bidiyon nan ta zo. Da yawanku kun gan shi, wasunku ma kun tura.

Lakca ce a kan sani. Ya fara da tambaya, ya ce ta yaya mutum zai tabbatar abin da aka gaya masa tun yana yaro gaskiya ne? Daga nan ya shafe lokaci mai tsawo yana bayani a kan hujja da yaƙini, har ya rufe da cewa imanin da aka yi wa tambaya ya tsaya ya fi ƙarfi. Ina wurin, da kunnena na ji. Wani ya ɗauka a waya, ya yanke tambayar kaɗai, ya rubuta a ƙasa wai ga mai koya wa matasan Bauchi shakka.

Kafin wata Asabar ya zaga gari.

Hedimasta ya ba shi haƙuri, ya ce iyayen yara sun yi magana, a nemi wani wuri. A masallacin unguwa, inda ya yi shekaru yana sahun gaba, wani ya ƙi ba shi hannu. Muka sa cikakkiyar lakcar a guruf-guruf, babu wanda ya tsaya ya kalla. Ta yi tsawo, in ji su.

Muka koma zauren gidansa. Mutane suka riƙa raguwa. Wannan ya ce kasuwa, wancan ya ce mahaifinsa ya hana, wata mijinta ya ce kar ya sake jin ta je. Na ce masa, "Malam, ka fito ka kare kanka mana." Ya ce, "Wa zan yi wa bayani, Sista? Ai sai mutum ya zauna sannan a yi magana. Ba sa zama."

Ban taɓa jin ya zagi wanda ya yanke bidiyon ba. Amma na ga yadda ya rame, na ga yadda yake leƙa ƙofa duk lokacin da ya ji tsayuwar mashin.

Bayan nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ba zan ce ga abin da ya jawo ba, Allah ne masani. Ni dai nas ce, na san abin da damuwa take yi wa mai hawan jini.

Asabar ɗin da ta wuce ne ganina da shi na ƙarshe. Shi ya nace sai an zauna. Mu biyu muka zo, ni da Saje. Anti Rabi ta jingina shi da filo a bango.

Ya ce yau tambayar ita ce, ana iya koya wa mutum kirki, ko da shi ake haihuwarsa? Da ƙyar ya haɗa wannan. Ya fara bayani, sai wata kalma ta maƙale. Ya yi ta ƙoƙari, bakinsa yana rawa. Na ce, "Tarbiyya?" Ya girgiza kai. Saje ya ce, "Hali?" Ya sake girgiza kai, ya bugi cinyarsa da hannun da ke aiki. Ya ce, "Tana nan. Ta ƙi fitowa."

Sai hawaye. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji cike yana juya magana yadda ya ga dama.

Saje ya juya yana kallon bango. Tsohon soja, kafaɗarsa tana rawa.

Da zan tafi Malam ya riƙe bakin hijabina ya ce, "Asabar, ke za ki buɗe."

Na ce, "Malam, ban iya ba."

Ya ce, "Ni ma haka na fara."

Kalmar da ya nema, ba mu taɓa sanin ta ba.

Ɗazu aka kai shi. Ina cikin gida tare da mata, amma an ce min mutane sun cika layin har titi. Saje yana tsaye jikin katanga da sandarsa har aka idar da salla, sannan ya bi su maƙabarta da wannan ƙafar tasa.

Anti Rabi ta ce min jiya ya sa ta wanke tabarmin zaure, wai kar Asabar ta same su da datti. Su aka shimfiɗa wa masu gaisuwa yau. Na leƙa, zauren ya cika maƙil, har wasu suna tsugune a waje. Na ga fuskokin da rabona da su tun kafin bidiyo.

Na buɗe waya na ga hotonsa ko'ina. Gwarzo, masani, an yi rashi. Wallahi wasu daga cikin masu wannan fostin ɗin da idona na ga sun tura wancan bidiyon. Ba zan kira suna ba. Ina dai tambaya, ina kuke duk Asabar ɗin da yake leƙa ƙofa?

Ku yi haƙuri da ni, yau ba ni da maganar ƙarfafa gwiwa. Ban ga wanda zai maye gurbinsa ba. Ban ga inda kuma a garin nan mai yadi da soja da nas za su zauna su yi saɓani a tashi ana dariya ba. Kowa yana cikin wayarsa yana jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. Ya ce in buɗe, to in buɗe wa wa? Ni da Saje mu zauna muna kallon juna?

Jibi Asabar. Ban san ina zan sa kaina bayan la'asar ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ilyasu ya zo gare Ka. Ka fi kowa sanin abin da ke zuciyarsa, Kai ne Ka ji lakcar tun daga farko har ƙarshe. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sake masa harshe lokacin tambaya. Ka ba Anti Rabi da yara juriyar wannan rashi. Ka haɗa shi da Khalil ɗina a Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, kar ka tsaya a rubuta amin ka wuce. Ajiye wayar, ka ɗaga hannu ka ambaci sunansa. Wanda kuma ya san ya taɓa tura bidiyon nan, kai ma ka yi masa addu'a. Da yana nan, da ya matsa maka wuri ka zauna.