Kason Perina a Cikin Ruwan Sama

Perina ba ta taɓa kwana a wani gida ba sai gidan dutsen ubanta, can saman tudun tsibirinsu. A nan ta yi jinyar iyayenta har ƙasa ta rufe su. Da rana tana gyaran kifi a masana'antar gwangwani, da yamma tana fama da zaitun da akuyarta. Ƙannenta biyu kuwa kowa ya kama gabansa: Dujam ya tafi Ostireliya, Frane ya gina gida a bakin teku yana sauke 'yan yawon buɗe ido.

Da aka zo rabon gado, aka ce gidan na su uku ne, kowa kashi ɗaya bisa uku. Perina ta yi rabonta a zuci: kicin da ɗakin sama nata, sauran nasu.

Ana nan sai rufin ya fara yoyo, daidai kan gadonta. Magini ya ce katakon ya ruɓe, kuma ba zai taɓa ba sai masu gida duka sun yarda. Dujam ya ce duk abin da Frane ya yanke. Frane kuwa so yake gidan ya zube a sayar wa baƙi filin.

Ta same shi yana ɗinkin raga, ta ce ɗakinta kaɗai za ta gyara, ai nata ne. Ya yi murmushi.

"Yaya, ba ki da ɗaki. Ɗaya bisa uku ba wuri ba ne. Kowane dutse, kowace ƙusa, ɗaya cikin uku naki, biyu namu. A ofishin rajistar filaye ma sifili ɗigo uku uku suka rubuta miki."

"Ni da na kwashe kashi da fitsarin uwarmu, ni ce sifili?"

Ta hau tudu ta koma gida zuciyarta na tafasa, tana jujjuya maganar. Da iskar kudu ta kawo ruwa, ta jera bokiti uku a ƙarƙashin yoyon. Suna cika ta ba akuya ɗaya. Biyun ta ɗauka ta gangara, ta ratsa baƙin Frane da ke shan kofi, ta tuttule su a tsakiyar falon Frane.

"Ga naka, ga na Dujam. Kowane ɗigo biyu cikin uku naku ne, kai ka koya mini. Ka aika masa nasa."

Duk ruwan da aka yi, haka take gangarowa da bokiti biyu. Matar Frane ta gaji da goge falo, ta tasa mijinta a gaba har wurin magini. Aka yi rufin kafin sanyi ya wuce.

Perina ba ta gode ba, ba ta kuma huce ba. Har yau idan ɓauren tsakar gidan ya nuna, takan gutsiri kowanne sau ɗaya, ta aika wa Frane sauran.