Ruwan Gindin Kwalba

Manzo ɗan marina ne, shi ya sa da aka ɗauke shi aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Tanut bai ga baƙon abu ba. Ubansa zane yake rinawa, shi kuwa jini. Sai ya shafa ɗigon jinin majinyaci a gilashi, ya zuba shuɗin magani, launin ya ratsa ƙwayoyin jinin har ƙwayar masassara ta fito fili a madubin gwaji. Amma da ruwan sama ake dama shuɗin. Rijiyar garin kanwa gare ta, kanwa kuwa dusar da rinin take. Don haka kowace damina Manzo kan tara ruwa a kwalabe.

A 1984 sama ta ƙi. Kafin kaka, abin da ya rage a gindin kwalba na gwaji ɗaya ne.

Ran nan gilashi biyu suka haɗu a gabansa: na matarsa Kaltuma, da ta kwana uku jiki na zafi, da na matar wani babban ma'aikaci wanda aka ce kalmarsa na iya mai da mutum Damagaram. Manzo ya daɗe yana kwaɗayin Damagaram. Ya ce wa ransa Kaltuma mai ƙarfi ce, kuma idon da ya shekara goma sha biyu a madubi ba ya kuskure. Ya dama na Kaltuma da ruwan rijiya.

Da ya koma gida da azahar, tana kwance ta ce, "To, Malam marini, me ka gano a cikina?"

"Ba komai. Gajiya ce."

"Ka duba da kyau kuwa? Kai da ko hularka ba ka gani sai na miƙo maka."

"Na duba, uwar Fatu."

Majo, shugaban asibitin, ya karanta takardar Manzo, ya ce ba sai an yi mata allurar masassara ba. A kwana na huɗu ciwon ya hau mata ka. Washegari aka kai ta makwancinta.

Har ya tsufa Manzo bai yarda cewa ya yi mata ƙarya ba, ai bai ga komai ba. Ruwan da ya zuba ne dai bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan sadakar arba'in takardar Damagaram ta zo, ya karɓa. Mutanen gari suka ce baƙin ciki ne ya kore shi, suka raka shi tasha da addu'a. Bai gyara musu ba.