Hajar, Wadda Ta Yanke Mini Tatsuniya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Hajar Abdulsalam a Birmingham. Ni Sanda Rabe na unguwar Longsight, ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. 'Yata Asama'u ke rubutawa, na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Hajar, shekara biyu kina hawo jirgin ƙasa duk Asabar don ki naɗi tatsuniyoyin da nake wa jikokina. Kika ce digirinki a kan adabin yara ne, kina auna abin da ke sa labari ya yi kyau. Na ce ba a tatsuniya da rana. Ba ki yi gardama ba, kika tashi kika ja labule. Ba ki taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko kuka ko daddawa. Da ƙafata ta kumbura, ke kika tsaya a kan likita har aka duba ni.

Amma kin ɓata mini, kuma zan faɗa. Ranar da na yi ta kura da rijiya, a gaban yara kika ce, "Baba, labarin ya ƙare tun da kura ta faɗa. Wa'azin da kake ƙarawa shi ke kashe shi. Dubi idanunsu, sun koma kan talabijin." Haka na gaje ta daga kakata! Ba ki tsaya nan ba, kika rubuta a littafinki, da sunana. Na ƙi sa hannu a fom ɗin izini. Wata takwas kina kira ina kallon wayar. Ba wanda ya gaya mini kina jinya, wannan kuma tsakanina da waɗanda suka ɓoye.

Abin da ban gaya miki ba: na gwada shawararki. Na tsayar da labarin a bakin rijiya, ban ƙara wa'azi ba. Hanan, jikata da ba ta amsa mini sai da Turanci, ta kama rigata ta ce, "Kaka, sai me?" Girman kai ya hana ni ɗaukar waya.

Jiya mijinki Muhsin ya ce malamarki Alice ta ba da wa'adin Juma'a: in babu izinina, jami'a za ta cire babin tatsuniyoyina, shi ne kuma ƙashin bayan aikin. Ban ce kin yi daidai a komai ba. Amma yau na dangwala yatsa, da sharaɗin kada a sassauta ko harafi cikin sukar da kika yi mini.

Ki yafe mini, 'yata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinya ta zama kaffara. Muhsin da iyayenta a Zariya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Amin.